Yadda ake shanya na'ana'a a ajiye ta

Bazaga ƙaramar hukuma ce a cikin gundumar Birnin Ƙonni, jahar Tawa. Yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya. Da damana suna noma hatsi da dawa da wake. In kaka ta wuce, waɗanda ke kusa da fadama ko rijiya sai su koma aikin garka.

Aikin garka sananne ne a wannan yanki. Albasar Galmi, cikin gundumar Malbaza, ta yi suna har ƙasashen waje. A Ƙonni akwai babban filin noman rani wanda ya fi hekta 2000. Ruwansa yana zuwa daga madatsun Mozage da Zango, a kwarin Majiya. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta yi ta kiran talakawa su riƙe noman rani da hannu biyu. Garake suka ƙaru a ƙauyuka da yawa.

A cikin garka ana shuka albasa da tumatir da salati da kabeji da tattasai. Wani mai garka yakan ware ɗan fage guda a bakin rijiya don na'ana'a. Wata mace kuma takan dasa tata a tsohuwar roba ko fasasshen tulu, kusa da randa.

Mece ce na'ana'a?

Na'ana'a ƙaramin tsiro ne mai koren ganye da ƙamshi mai ƙarfi. Tsawonta bai cika wuce kamu biyu ko uku ba. In aka murza karanta tsakanin yatsu, za a ji yana da kusurwa huɗu. Ganyenta yana fitowa biyu-biyu, wannan yana fuskantar wancan.

Ba a cika shuka irinta ba, dasa ta ake yi. A yanki reshe, a kafa shi cikin ƙasa mai laima, a riƙa ba shi ruwa. Bayan kwanaki kaɗan sai ya yi saiwa. Daga nan ta yi ta yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har ta cika fagen. Tana son ruwa, tana son taki, tana kuma son ƴar inuwa lokacin zafi.

Babban amfaninta a ƙasar Hausa shi ne shayi. Koren ganyen shayi daga ƙasar Sin ake kawo shi. Al'adar dafa shi da sukari da na'ana'a ta yi ƙarfi a Maroko da sauran ƙasashen arewacin Afirka, ta ratso hamada tare da Larabawa da Abzinawa. Yau samari a fada, da dattawa a zaure, da makiyaya a daji, duk suna ɗora butar shayi a kan gawayi. Akan dafa har sau uku: na fari mai ɗaci, na biyu madaidaici, na uku mai zaƙi.

Don me ake shanya ta?

Ɗanyar na'ana'a ba ta jimre ajiya. In an yanke ta da safe, kafin marece ta yi yaushi. Bayan kwana biyu ko uku ganyen ya yi baƙi, ya lalace. Mai garkar da ya kai ta kasuwa bai sayar ba, ya yi hasara.

Ban da haka, ba kullum ake samun ta da yawa ba. Lokacin ɗari, garake suna da ruwa, na'ana'a ta yi yawa, ta yi araha. Da bazara kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, fadama ta bushe. Mai garka ya fi so ya ba da ɗan ruwan da ya rage ga abin da zai ci da gidansa. Sai na'ana'a ta yi wuya, ta yi tsada.

Wanda ya shanya tasa lokacin yalwa bai damu da wannan ba. Yana da ta sha, yana da ta sayarwa. Hausawa sun ce: don gobe ake wanke tukunya.

Shanya ba baƙon abu ba ne a gidajen Bazaga da Illela da Malbaza. Mata sun saba shanya kuɓewa da kuka da yakuwa da zogale. Ana yanka tumatir a busar da shi ya zama kauɗa. Ana busar da ganyen albasa a yi gabu. Amma na'ana'a tana da nata hali. Wanda ya baza ta a rana kamar kauɗa zai sami ganye, ba zai sami ƙamshi ba.

Ina ƙamshin yake?

A jikin ganyen na'ana'a, musamman ta bayansa, akwai wasu ƴan ƙananan jakunkuna. Ido ba ya ganin su sosai sai da madubin ƙara girma. A cikinsu akwai wani mai. Wannan mai shi ne ƙamshin. In aka murza ganye, jakunkunan su fashe, man ya fito, hannu ya ɗauki ƙamshi.

Man nan ba irin man gyaɗa ba ne. Ya fi kama da turare. In an bar kwalbar turare a buɗe, ƙamshin yana bin iska ya tafi. Haka man na'ana'a yake. Zafi mai yawa yana kore shi da sauri. Hasken rana kuma yana kashe koren ganye, ya mai da shi kamar busasshiyar ciyawa.

A cikin ganyen kuma akwai ruwa da yawa. Cikin kilo 1 na ɗanyen ganye, wajen giram 800 ruwa ne. Wannan ruwa shi ne ke sa ganye ya ruɓe, don fumfuna da ƙwayoyin cuta suna son laima.

To, aikin mai shanya ke nan: ya fitar da ruwan, ya bar man. Abin da ke yin wannan aiki shi ne inuwa da iska.

Yanka

Lokacin da ya fi kyau a yanki na'ana'a shi ne kafin ta yi fure. A lokacin ganyen ya cika, mansa ya yi yawa. A yanka da safe, bayan raɓa ta bushe, tun rana ba ta yi zafi ba.

A yi amfani da wuƙa mai kaifi. Kada a tuge ta da saiwa. A bar gindi kamar tsawon yatsa guda. In an ci gaba da ban ruwa, za ta sake toho, a sake yanka bayan ƴan makonni.

In an fesa maganin ƙwari a garkar, kada a yanka sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika. Wanda bai iya karanta rubutun ba ya tambayi malamin gona. Shanya ba ta fitar da guba daga ganye.

Tsincewa da wanki

In an kawo ta gida, a zauna a tsince. A fitar da ciyawa, da ganyen da ya yi rawaya, da wanda tsutsa ta ci, da mai ɗigo-ɗigo ja kamar tsatsa. Ruɓaɓɓen ganye guda yana iya ɓata sauran.

Sannan a wanke ta cikin ruwa mai tsabta, irin wanda ake sha. A tsoma, a kaɗa a hankali, a ɗaga. Ƙasa da yashi za su kwanta a gindin ƙwarya. A sake ruwa, a kuma wankewa. Kada a cuɗa ta kamar wankin tufafi, don kada jakunkunan mai su fashe. A girgiza, a baza a kan zane mai tsabta har ruwan wankin ya tsane.

Hanya biyu ta shanya

Hanya ta fari ita ce ratayewa. A ɗaure rassa kamar goma goma da zare. Kada damin ya yi kauri, don iska ta ratsa tsakiyarsa. A rataye shi kai ƙasa, a ƙarƙashin rumfa ko cikin ɗaki mai taga. A bar fili tsakanin dami da dami. Kara yana tsukewa in ya bushe, saboda haka a duba ɗaurin kada ya kwance.

Hanya ta biyu ita ce bazawa. A zage ganyen daga kara, a baza shi a kan faifai ko sabuwar tabarma. Kada wani ganye ya hau kan wani da yawa. A ɗora faifan a bisa, inda awaki da kaji ba za su kai ba. Kullum a juya ganyen sau ɗaya.

Lokacin hunturu iska busasshiya ce, tana shanya da sauri, amma tana ɗauke da ƙura. Sai a rufe ganyen da mayafi marar kauri, wanda iska ke ratsawa. Kada a rufe da gidan sauro, don yawancin gidajen sauro an jiƙa su da maganin kashe sauro.

Akwai wuraren da ba su dace ba. Bakin hanya bai dace ba, saboda ƙura da hayaƙin mota. Kan rufin kwano bai dace ba, saboda zafi. Madafa ma ba ta dace ba, don ganye yana shan hayaƙi da warin miya.

Da hunturu ko bazara, kwana uku zuwa biyar sukan isa. Da damana akan kai mako guda ko fiye, don iska tana da laima. A lokacin sai a riƙa shigar da shanyar ɗaki kafin hadari, da kuma kowane dare.

Yaya ake gane ta bushe?

A ɗauki ganye guda a matsa. In ya yi ƙaras ya marmashe, ya bushe. In ya lanƙwashe bai karye ba, da sauran ruwa. A gwada kara ma: busasshe yana karyewa, ɗanye yana tanƙwarewa. Na'ana'ar da aka shanya da kyau koriya ce, ƙamshinta yana nan. Wadda ta yi baƙi ko ta yi fari-fari da fumfuna, a zubar da ita.

Ajiya

A ajiye ganyen yadda yake, kada a daka shi. Dakakken ganye yana saurin rasa ƙamshi. Sai an zo dafawa a murtsuke ɗan abin da ake bukata.

Mazubin da ya fi kyau shi ne kwalba mai murfi, ko gwangwanin madara mai rufi sosai. A wanke shi, a bari ya bushe ƙayau. Kada a taɓa zuba abin ci ko abin sha a mazubin da aka sa maganin ƙwari ko fetur ko kananzir, ko da an wanke shi.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, a duba kwalbar. In an ga gumi a jikinta ta ciki, ganyen bai gama bushewa ba. A fitar da shi a sake bazawa. In babu gumi, a rufe, a sa a wuri mai duhu da sanyi, nesa da murhu. A ɗiba da busasshen cokali. A rubuta rana da wata a ƴar takarda, a liƙa a jikin kwalbar. Wannan aikin ɗan makaranta ne a gidansu.

Na'ana'ar da aka ajiye haka takan yi wata shida zuwa shekara guda da ƙamshinta. Daga nan sai ƙarfinta ya ragu.

Amfani da ita

Busasshiyar na'ana'a ta fi ɗanya ƙarfi a awo, don ruwan ya fita. Cokali guda na busasshiya yana tsayawa a madadin cokali uku na ɗanya. A sa ta a ƙarshen dahuwa, a rufe butar. In ta daɗe tana tafasa, ƙamshin ya bi tururi.

Ana kuma jiƙa ta ita kaɗai a ruwan zafi a sha bayan abinci. Tana rage kumburin ciki. Amma ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ta maganin gudawa. Yaron da jikinsa ya yi zafi ko yake gudawa, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, ba a ba shi shayi ko jiƙo. Nonon uwa ya ishe shi.

Gwaji a makaranta

Gani ya kori ji. Ƴan aji su samo na'ana'a, su raba ta kashi biyu daidai. Su baza kashi ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Kullum su duba, su rubuta abin da suka gani a littafi. Bayan kwana biyar su gwada launi, su sansana ƙamshi. In akwai sikeli, su auna nauyin kowane kashi kafin shanya da bayanta.

Tambayoyi

1. A wace gunduma Bazaga take? Waɗanne ganyaye ake shanyawa a garinku?
2. Don me na'ana'a take tsada da bazara?
3. Ina ƙamshin na'ana'a yake ɓoye? Me ke kore shi?
4. Don me ba a rufe shanya da gidan sauro?
5. Me gumi a jikin kwalba yake nunawa?
6. Lissafi: kilo 1 na ɗanyen ganye yana ba da wajen giram 200 na busasshe. Mai garka ya zage kilo 6. Giram nawa zai samu? In ya ƙulla giram 20 a kowane ƙulli, ƙulli nawa zai kai kasuwa?