NA'URAR DA KE GANIN ABIN DA YA FI ƘIFTAWAR IDO SAURI

Ranar da ke busar da albasa a Aliero, take kuma nunar da gero da dawa a gonakin Jega da Maiyama, tana samun zafinta ne daga haɗewar ƙwayoyin zarra na iskar haidirojin. Tun wajen 1950 masu ilmin kimiyya suke ƙoƙarin kunna irin wannan wuta a doron ƙasa, domin a sami lantarki ba tare da ƙona gawayi ko fetur ba.

Ran 5 ga Disamba, 2022, a ɗakin binciken Lawrence Livermore na ƙasar Amurka, aka harba hasken leza guda 192 cikin wani ɗan kurtu mai ɗauke da ƙwayar makamashi wadda ba ta fi masoro girma ba. Ƙarfin da ya shiga megajul 2.05 ne, wanda ya fito kuwa 3.15. Amma wutar ba ta yi ko kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba ta mutu. To, da wane ido za a auna ta?

Nan ne aikin kyamara mai jan layi ya taso. Wutar tana fid da hasken eksire, watau irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Da farko wani ɗan dutsen kiristal yakan rarraba hasken daki-daki, kamar launukan bakan gizo. Sa'an nan hasken ya bugi wani faranti, ƙwayoyin lantarki su ɓalle daga jikinsa, a fizge su a kan allo, ta yadda waɗanda suka riga zuwa za su sauka a sama, na baya kuma a ƙasa. Da haka lokaci yake zama tsawon layi, masana su karanta zafin wutar da yawan matsuwarta daga tashinta har mutuwarta, su san abin da za su gyara a harbi na gaba.

Da sauran tafiya dai, gama lezar ta sha lantarki wajen megajul 300 kafin ta yi harbin. Sai dai ginshiƙan na'urar biyu, watau bayanin Einstein na 1905 kan yadda haske ke ɓalle ƙwayoyin lantarki, da ƙa'idar Bragg ta 1913 kan kiristal, suna cikin littattafan fiziks na jami'a. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero cikin 2006 suna iya fara tafiyar daga waɗannan babi biyu.