Gajeriyar Alkama da Kuben Tsironta

Yau shirin namu zai shiga gonar alkama, wannan tsaba da muke ci a gurasa da taliya da alkaki, mu dubi abin da take gadowa daga iyayenta.

A da, alkama doguwa ce, tana kai wa mutum ƙirji. Idan manomi ya zuba mata takin zamani sai zangarniya ta yi nauyi, kara ya kasa ɗauka, iska ta kaɗa gona ta kwanta. Maganin wannan ya fito ne daga Japan, inda a 1935 aka fitar da wani gajeren iri mai suna Norin 10. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai shi Amurka, daga nan ya faɗa hannun Norman Borlaug a Meziko. Ya yi ta barbararsa da wasu ire-iren har ya samu alkama gajera, mai ƙarfin kara, wadda ke zuba ƙarfinta a cikin tsaba. Indiya da Pakistan suka shuka, rumbuna suka cika, Borlaug ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970.

Sirrin yana cikin ƙwayoyin gado biyu, Rht-B1 da Rht-D1. A jikin shuka akwai sinadarin da ke umartar kara ya miƙe, ana ce masa jibaralin. Waɗannan ƙwayoyi kan sa alkama ta yi masa kunnen uwar shegu, sai ta tsaya gajera.

To amma fa akwai wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Mai sauraro, in kana da gonar alkama, ka tona tsiro guda bayan kwana biyar ko shida da shuka. Za ka ga wani farin kube siriri, kamar kuben wuƙa, ya lulluɓe ganyen farko. Shi ke huda ƙasa ya raka ganyen har ya ga rana. Ƙwayoyin da suka gajarta kara sun gajarta wannan kube ma. Inda ake ban ruwa babu damuwa. Amma manomin da ke jiran sama, kamar na Ostareliya, sau da yawa saman gonarsa ya bushe ƙayau, danshi yana can ƙasa. In ya binne iri da zurfi don ya cim ma danshin, kuben zai ƙare tun bai fito ba, ganye ya buɗe cikin duhu, ya murɗe, ya mutu. In ya shuka sama-sama, iri ya zauna cikin busasshiyar ƙasa. Gaba kura, baya sayaki.

Neman mafita bai zo da sauƙi ba, domin kundin gadon alkama ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar. Sai a 2018 aka kammala karanta shi, aka ƙirga ƙwayoyin gado sama da 107,000. A 2022 masana na Cibiyar John Innes a Ingila da hukumar CSIRO ta Ostareliya suka gano ainihin wata ƙwayar, Rht13. Ita ma tana gajarta alkama, amma aikinta a saman kara yake, kube kuwa ta bar shi da tsawonsa. A ganina wannan ne binciken da ya fi tausaya wa ƙaramin manomi, tunda cikin iri yake, ba sai ya sayi injin ban ruwa ba.

Mu a nan, a Kadawa da kwarin Haɗeja, alkamarmu ta rani ce, kuma babban abokin gabarta zafi ne idan hunturu ya janye tana cikin ƙosawa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce aka ɗora wa aikin inganta irinta. Don haka manoma, kafin ku sayi iri, ku tambayi malamin gona a wace ƙasa aka gwada shi, kuma ku yi shuka tun cikin Nuwamba.