Kafin a haƙa rami: barci dabbar take yi ko ta mutu?

Daga cikin dabbobin da yaran wasu gidajen ’yan boko suka fara ajiyewa a keji akwai wata ’yar mitsitsiya, dangin ɓera, mai guntun bindi da kumatu kamar jaka, wadda ake kira hamsta. Asalinta ƙasar Siriya ne, kuma akasarin waɗanda ake kiwo a duniya jikokin wata uwa ce da ’ya’yanta da aka tono kusa da birnin Halab a 1930. Tana da wani hali mai rikita masu ita. Idan sanyi ya tsananta, wajen digiri 5, kuma yini ya gajarta, sai ta dunƙule, jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya ja baya har a yi minti guda ko fiye ba a ga ƙirji ya motsa ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko fartanya.

Mu ba baƙin wannan al’amari ba ne. A tambayi duk dattijon da ya yi noman fadama a Bomo labarin gaiwa. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ’yar kafa da za ta riƙa shaƙar iska, domin tana da huhu. Haka za ta kwanta wata da watanni har ruwan sama ya jiƙa ƙasa. Hausawa sun ce gaiwa jikinta take ci, kuma binciken masana bai ƙaryata su ba: naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu da shi. Dodon koɗi ma liƙe bakin kwansonsa yake yi da rani. Sai dai namu fari ne ke kwantar da su, ita kuwa hamsta sanyi.

A nan ne nake da ja da ɗaliban da ke kwaso shawara daga intanet yadda take. Masu rubuta ta mutanen Ingila ne da Amurka, inda ruwa ke daskarewa a waje. Hunturun Samaru, duk da yadda yake fasa mana leɓe da ƙafa a Disamba da Janairu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. Saboda haka idan hamsta ta sheme a Zariya, musamman cikin zafin Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, zafi ko ciwo ya fi kusa da zato fiye da dogon barci. Wanda ya zauna jiran ta farka, alhali zafi ne ya buge ta, jiran ne zai ƙarasa ta. Ga shi kuma dabba ce mai gajeren kwana, shekara 2 zuwa 3.

To, yaya za a bambance? A zuba mata ido na mintoci da yawa, a kara ɗan madubi ko silin auduga a bakin hancinta. A shafa gashin bakinta, mai rai yakan ɗan girgiza shi. Gaɓoɓin mai barci suna lanƙwasuwa ko da da ɗan tauri, gawa kuwa takan sandare cikin ’yan sa’o’i, daga baya ta saki, wari ya biyo. Idan sanyi ne dalili, a ɗumama ta sannu a hankali cikin tafin hannu ko tsumma, kada a kai ta bakin murhu ko a tsoma ta a ruwan zafi. Iyayenmu mata da ke tusa tsakon da sanyi ya kama cikin zane sun fi mu sanin wannan. Idan kuwa zafi ne, a kai ta inuwa mai iska, a ɗan shafa mata ruwa.

In an yi sa’a biyu ko uku ba a rabu da shakka ba, asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami’ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar ’yan mintoci daga Bomo. Likita zai saurari bugun zuciya, ya faɗa wa yaro gaskiya.