Janar Faidherbe: Wanne Gaskiya, Wanne Shaci-Faɗi?

Duk inda aka tayar da zancen Alhaji Umaru Futi, sunan Louis Faidherbe ba ya da nisa. Wannan janar na Faransa, haifaffen birnin Lille a 1818, ya yi gwamnan Sanagal daga 1854 zuwa 1861, ya sake dawowa daga 1863 zuwa 1865. Labarinsa ya sha ƙari da ragi a bakin mutane, don haka ya kamata a tace.

Ana cewa shi ya kashe Alhaji Umaru. Ba haka ba ne. Sun dai gwabza a 1857, lokacin da rundunar Alhaji Umaru ta yi wa sansanin Faransawa na Medine ƙawanya tun watan Afrilu. Da ruwan kogin Sanagal ya ƙaru a watan Yuli, Faidherbe ya iso da jiragen ruwa ya ɓalle ƙawanyar. Daga nan Alhaji Umaru ya karkata gabas, ya ci Segu da Hamdallahi. Ajalinsa ya same shi a 1864 kusa da Bandiagara, a yaƙi da mutanen Masina da 'yan Kunta, babu Bafaranshe ko ɗaya a wurin. Wannan ya shafe mu, domin Alhaji Umaru ya zauna Sakkwato shekaru da dama, har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ana kuma cewa Faidherbe ne ya ci Damagaram. Wannan ma kuskure ne. Ya rasu a 1889, Faransawa kuwa ba su kama Zinder, wato Damagaram, ba sai 1899.

Cewa shi ya kawo shawarar kafa rundunar sojojin Afirka da ake kira tirayo, wannan gaskiya ne. An kafa ta a 1857, kuma da irin waɗannan sojoji Faransa ta ci yawancin ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka, har Nijar.

Masu yabonsa na cewa ba a taɓa cin sa da yaƙi ba. An ci shi. A yaƙin Faransa da Furusiya ya jagoranci rundunar arewa, ya tsaya da ƙarfi a Bapaume a farkon Janairun 1871, amma ranar 19 ga watan Jamusawa suka fatattake shi a Saint-Quentin.

Sauran batun ƙone garuruwa. Wannan ba ƙage aka yi masa ba. Salon yaƙi ne da ya koyo a Aljeriya, ya kuma yi amfani da shi a Sanagal. A 1859, bayan yaƙin Logandeme, ya sa aka banka wa garin Fatick wuta.

Idan muka ɗora masa abin da bai yi ba, mun ba masu wanke shi damar musanta wanda ya yi. Tokar Fatick kaɗai ta isa shaida a kansa, ba sai an ƙara gishiri ba.