Abin da ya sa intanet na waya ke ƙin aiki bayan an sanya wa kwamfuta sabuwar babbar manhaja

Yola – Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, lamarin da ya sa masu kwamfuta ke wanke na'urorinsu domin ɗora musu Windows 11. Waɗanda na'urarsu ta tsufa kuwa, sukan koma ga Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, tun da Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da ma'adanar aiki ta aƙalla gigabait 4.

Sai dai sau da yawa akan gama aikin, a soka wayar intanet a jikin kwamfuta, amma ta nuna babu haɗi.

A Jimeta da Yola wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Shagunan intanet da ke hidimar ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa da na Jami'ar Modibbo Adama sun dogara ne da intanet wajen rajista da biyan kuɗin makaranta. Haka su ma cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da waya ake haɗa kwamfutocinsu. Yini guda babu haɗi na iya jawo wa mai shago asarar ciniki, ɗalibi kuma wa'adin rajista ya wuce shi.

Tushen matsalar

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan guntun da ke kula da kafar da ake soka wayar intanet. Babbar manhaja ba ta iya sarrafa wannan guntu sai da wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba. Idan aka wanke kwamfuta, tsohon direban yakan tafi tare da tsohuwar manhajar, kuma ba lallai ba ne sabuwar ta zo da wanda ya dace.

A nan ne mutum ke shiga tsaka mai wuya: direban yana intanet, intanet kuma ba ya samuwa sai da direban. Windows 11 ya ƙara tsananta lamarin, domin yakan nemi a haɗa shi da intanet tun kafin a kammala sanya shi.

Duk da haka, kafin a ɗora wa direba laifi, ya kamata a bi abin daki-daki, daga waje zuwa ciki.

Mataki na farko: waya da fitila

Yawancin kafofin intanet suna da 'yar fitila kore ko ruwan ɗorawa. Idan aka soka waya ba ta kama ba, a duba fitilar da ke jikin rawuta, wato na'urar rarraba intanet, sannan a gwada wata wayar da wata kafar.

Wayar intanet na ɗauke da siraran wayoyi 8, kuma tsawonta bai kamata ya wuce mita 100 ba. Zafin Yola, wanda kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana tsattsage robar wayar da aka bi da ita ta kan kwano. Ƙurar hunturu na cika kafa, ɓera na cin wayar da ke cikin silin, tsawa kuma na iya ƙona guntun a lokacin damina. Idan guntun ya ƙone, babu direban da zai tashe shi. Mafita ita ce ƙaramar na'urar da ke mayar da kafar USB ta zama kafar intanet.

Mataki na biyu: direba

A Windows, sai a danna dama a kan alamar Start a buɗe Device Manager. Idan aka ga Ethernet Controller da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefensa, to direba ne babu.

Domin sanin wanda ya ƙera guntun, a buɗe Properties, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids. Lambar VEN_10EC ta kamfanin Realtek ce, VEN_8086 ta Intel, VEN_14E4 kuma ta Broadcom.

Akwai hanyoyi biyu na samo direban. Ta farko ita ce a haɗa wayar salula ta Android da kwamfutar ta kebul, a kunna USB tethering, sai kwamfutar ta ari intanet ɗin wayar ta sauke abin da take buƙata ta Windows Update. Ta biyu ita ce a yi amfani da wata kwamfutar, a shiga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, a rubuta lambar samfurinta, a sauke direban a filash.

A guji shafukan da ke tallar manhajar da za ta "gyara dukkan direbobi" da danna guda, domin irinsu kan zo da manhajojin leƙen asiri. Ga shagon da ke riƙe da lambobin NIN da bayanan bankin jama'a, wannan babban haɗari ne.

A Linux lamarin ya fi sauƙi, saboda direbobin yawancin guntayen Intel da Realtek suna cikin manhajar tun asali. Umarnin lspci zai nuna sunan guntun, ip a kuma zai nuna ko kafar tana aiki.

Mataki na uku: adireshi

Idan direba ya zauna amma shiru, sai a duba adireshin IP, wato lambar da rawuta ke bai wa kowace na'ura. A buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig.

Adireshin da ya fara da 192.168 ko da 10 yana nufin rawuta ta amsa. Wanda ya fara da 169.254 kuwa, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta bayan ta nema ba ta samu ba. A irin wannan hali, a kashe rawuta da modem na kamar minti guda, a kunna, sannan a rubuta ipconfig /renew.

A ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawa, wani lokaci da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta adireshinta. Wanke na'ura yana share waɗannan lambobi, don haka sai jami'in da ke kula da hanyar sadarwar wurin ya sake bayar da su.

Mataki na huɗu: kamfanin intanet

Wasu kamfanoni na amfani da tsarin PPPoE, wanda ke buƙatar sunan mai asusu da kalmar sirri. Idan wayar kamfanin tana shiga kwamfuta kai tsaye ba ta rawuta ba, dole ne a sake shigar da su a sabuwar manhajar.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A rubuta ping 8.8.8.8. Idan amsa ta dawo amma shafuka ba sa buɗewa, intanet na nan, matsalar tana wajen DNS, wanda ke fassara sunan shafi zuwa lamba. Ana iya sanya 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan babu amsa ko kaɗan alhali adireshi daidai yake, lokacin kiran kamfani ya yi.

A kuma duba agogon kwamfutar. Tsofaffin na'urori na hannu da ake shigowa da su daga waje sukan zo da mataccen batirin agogo, samfurin CR2032. Idan kwanan wata ya kauce, shafukan banki da na rajista za su ƙi buɗewa ko da haɗi lafiya lau yake.

Kafin a wanke kwamfuta

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Kafin a share tsohuwar manhaja, a sauke direban intanet a ajiye a filash. Windows na da umarnin pnputil /export-driver da ke kwashe direbobin na'ura zuwa wata ma'ajiya. A ɗauki hoton sakamakon ipconfig /all, a kuma rubuta sunan asusu da kalmar sirrin kamfanin intanet a wuri amintacce.

Ga mai kwamfutoci da yawa, ya fi dacewa ya fara da guda ɗaya, ya tabbatar intanet da firinta da na'urar ɗaukar yatsa duk suna aiki, kafin ya taɓa sauran. Wanda kuma zai kai na'urarsa wurin mai gyara a Kasuwar Zamani ta Jimeta ko wani wuri, ya nemi a soka waya a buɗe shafi a gabansa kafin ya biya kuɗin aiki.