Abin da Ya Haɗa Safar Hannu da Ayaba

Ma'aikaciyar jinya da borin jini ke feso wa a hannu duk lokacin da ta sa safar roba, da wuya ta kawo a ranta cewa kumburin leɓen da ke samunta bayan cin ayaba tushensu ɗaya. Sau da yawa kuwa alaji guda ne ya ɓullo ta ƙofa biyu.

Ana yin safar ne da danƙon bishiyar roba, wadda asalinta dajin Amazon. A cikin danƙon akwai wani furotin mai suna hevein, da shi bishiyar ke kare kanta daga cuta. Ayaba da fiya da kiwi su ma suna da nasu furotin na kariya, wanda wani sashensa ya yi kama da hevein ƙwarai. Ita garkuwar jiki ba ruwanta da sunan bishiya, siffa take ganewa. Da zarar ta ƙera makaminta na IgE a kan danƙo, duk mai kama da shi ya shiga uku. Bincike ya nuna kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu alajin danƙo sukan gamu da matsala a wasu 'ya'yan itatuwa.

Alajin danƙo ya ta'azzara bayan 1987, lokacin da tsoron cutar ƙanjamau ya sa safar hannu ta zama dole a asibitocin Amurka. Hodar da ake barbaɗa wa safar takan kwashi furotin ɗin ta tashi da shi cikin iska, ma'aikata su shaƙa. A ƙarshen 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta safa mai hoda a aikin asibiti.

A arewacin Turai ma akwai irin haka tsakanin garin furen bishiyar birch da tuffa, sai dai can yawanci ƙaiƙayin baki ne, kuma dafawa na kashe shi. Na danƙo ya fi haɗari, domin yakan kai ga shaƙe numfashi da faɗuwar jini, wanda allurar adirenalin ce maganinsa na gaggawa.

Ban ga hikima ba a hana mutum duk 'ya'yan itace don tsoro. A guji wanda jiki ya nuna ya ƙi, bisa shawarar likita. Amma wanda hura balan-balan na roba ke kumbura wa baki, ko ayaba ke shaƙe wa maƙogwaro, ya daure ya faɗa wa likita kafin tiyata ko haihuwa, domin a yi masa aiki da safar nitiril, wadda ba ta da danƙon.