Yadda Ake Zaɓar Rim da Taya ga Motar Gudu

Gabatarwa

Abu na farko da mai ƙaramar motar gudu kan so ya sauya shi ne rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Sau da yawa kyau kawai ake dubawa, sai an hau titi a ji taya na gugar jikin mota. Wannan maƙala za ta yi bayanin lambobin da ya kamata a karanta kafin a biya kuɗi. Za a yi misali da Mazda MX-5 ta ƙasar Japan, mota mai kujera biyu wadda ta fara fita a 1989.

Lambobin Jikin Taya

MX-5 ta farko ta zo da taya mai lamba 185/60 R14 82H. Lamba 185 faɗin taya ce a milimita. Lamba 60 na nufin tsayin gefen taya kashi 60 ne cikin 100 na faɗin, wato milimita 111. Harafin R yana nuna irin saƙar wayoyin cikin taya, 14 kuwa girman rim ne a inci. Lamba 82 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 475, sannan H na nufin iyakar gudunta kilomita 210 a awa.

Ƙa'idar ita ce kada tsayin ƙafar mota gaba ɗaya ya sauya. Inci 14 milimita 356 ne. Idan aka haɗa da gefen sama da na ƙasa, an sami 578. Wanda ya koma rim mai inci 15 sai ya rage tsayin gefe: taya 195/50 R15 tana ba da 576, kusan daidai ke nan. Amma 195/55 R15 ta kai kusan 596, ƙarin kashi 3 cikin 100. A nan agogon gudu zai nuna 100 alhali mota na gudun 103.

Matsayin Zaman Rim

A bayan rim akan ga haruffan ET da lamba. An ɗauko su ne daga kalmar Jamusanci Einpresstiefe, kuma suna nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ake ɗaurewa a jikin mota. Idan lambar ta yi yawa, ƙafa takan shige ciki; idan ta ragu, sai ta fito waje.

Rim ɗin MX-5 na asali faɗinsa inci 5.5 ne, da ET45. A ce mai mota ya sayi mai faɗin inci 7 da ET35. Faɗin ya ƙaru da milimita 38, wato 19 a kowane ɓangare, sannan raguwar ET ta tura rim waje da milimita 10. Saboda haka bakin waje ya fito da 29, na ciki kuma ya shiga da 9. Wajibi ne a auna ko akwai wannan fili a ɓangarorin biyu. In ya fito da yawa, taya za ta ci bakin madigadi duk lokacin da aka faɗa rami, sitiyari ya riƙa fizga, boris kuma ya mutu da wuri. In ya shige da yawa, zai gogi shokazoba ko ƙarfen birki.

Haka kuma a lura da ramukan noti. Na MX-5 ta farko guda 4 ne a kan da'ira mai faɗin milimita 100, ana rubuta shi 4x100. Rim mai 4x114.3 ba zai zauna ba, komai kyansa.

Kammalawa

Babban rim da siririn gefen taya suna sa mota ta kama kwana da kyau, amma suna rage laushin tafiya, kuma rami ɗaya na iya lanƙwasa rim ko ya kumbura taya. Don haka mai saye ya fara duba lambobin asali a littafin mota ko a takardar jikin ƙofar direba, ya yi lissafi, sannan a ɗaura rim ɗaya a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kafin a sayi sauran. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.